Ruwan Sabulu a Tukunyar Kuloci

Shekarar da aka canja kuɗi, wadda mutum zai yini a layin banki ya koma gida hannu wofi, ita ce shekara mafi muni da na gani a kanikanci. A shekarar ce motar Maman Rifkatu ta mutu a hanyar Zariya da lodin tumatir a bayanta. Labarin motar nake so in rubuta, domin a ajinmu na yaƙi da jahilci akwai samari masu cewa gyaran kuloci ba wani aiki ba ne, wai sun gani a waya an kwance an ɗaura kafin shayi ya huce. Sunana Haruna. Garejina yana Unguwar Sarki a Kaduna, ƙarƙashin wata darbejiya, bayan masu faci. Ba na aikin lantarkin mota, ba na bugun bodi. Kuloci da giya su ne aikina.

Aikin farko da maigidana Baba Audu ya ba ni a garejinsa na Rigasa, bayan na gaji da wanke notuna a kananzir, ba da sufana aka yi shi ba. Wani direban bas ne ya kawo mota, ya ce farantin kuloci ba ya daɗewa a hannunsa, lallai jabu ake sa masa. Baba Audu ya ce in shiga gaba in zauna kusa da shi mu zaga gari. Ya ce, "Kada ka kalli hanya, hanya ta direba ce. Kalli ƙafarsa ta hagu." Muka je muka dawo. Ya tambaye ni me na gani, na ce mutumin ba ya ɗauke ƙafa daga kan kuloci, a nan yake hutar da ita kamar ya samu matashi. Baba Audu ya dubi direban ya ce, "To ka ji. Farantin ba jabu ba ne, ƙafar ce jabu." Har yau duk motar da aka kawo mini, sai na nemi mai tuƙa ta ya zaga da ni kafin in kwanta a ƙarƙashinta.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Inji yana juyawa ne ba tsayawa. Giyabos, wato akwatin da haƙoran giya suke ciki, shi ke kai wannan juyi ga tayoyi. A tsakaninsu akwai faranti da aka matse a jikin babban faifan inji. Idan ka taka kuloci sai matsin ya saki, inji ya rabu da giyabos, ka canja giya cikin sauƙi. Idan ka ɗaga ƙafa sai su sake haɗuwa. A wasu motoci igiyar ƙarfe ce ke kai takun ƙafarka can ƙasa. A wasu kuma mai ne, irin man birki. Akwai 'yar tukunya a sama kusa da direba, akwai wata a ƙasa a jikin giyabos, siririn bututu ya haɗa su. Ka taka a sama, man ya tura a ƙasa.

Ciwon kuloci iri biyu ne manya. Ko dai ya ƙi kamawa, ko ya ƙi saki. Idan ya ƙi kamawa, za ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba, sai wani wari kamar an ƙona tsumma. Idan ya ƙi saki, giya ce za ta yi maka gardama, ka tura ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Gwajin ba wuya. Kashe inji ka sa giya. In ta shiga lafiya, amma da ka tayar da inji ta ƙi, to laifin kuloci ne. In ta ƙi ko inji a kashe, sai ka duba sandunan giya ko cikin akwatin. In kuma ƙara na tashi ne lokacin da ka taka, ta ɗauke da ka saki, wannan boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da ke tura kulocin, ya bushe.

Wani ɗan kasuwa daga Rafin Guza ya taɓa zuwa mini har ya gama cinikin giyabos na gwanjo, ɗaurawa kawai yake so in yi. Na ce mu zaga tukuna. Da na dubi ƙafarsa sai na ga kulocin ba ya kaiwa ƙasa. Sabuwar shimfiɗar roba ya saya mai kauri, ta naɗe a ƙarƙashin abin takawa. Na janye ta, giya ta shiga kamar ba ita ba. Shi ya sa nake cewa a fara da abin da ido ke gani. Sauke giyabos ba wasa ba ne. Kana kwance a ƙasa, mota na kan jak da kututture, ƙarfe mai nauyin buhun masara yana saukowa saitin ƙirjinka. Wajen mayarwa kuma, in farantin ya kauce daga tsakiya ko da kaurin farce ne, sai ka yini kana turawa bai shiga ba. Ina da wani sandan ƙarfe da na ciro daga mataccen giyabos, da shi nake daidaita faranti. Duk cikin kayan aikina shi kaɗai ne ba na bayarwa aro.

Motar Maman Rifkatu tsohuwar a-kori-kura ce fara. Ita mutuniyar kudancin Kaduna ce, tana sarin tumatir daga ƙauyukan bayan Zariya tana kawowa kasuwar Kawo. Da kuɗin sallamar mijinta suka sayi motar bayan an rufe masaƙar da yake aiki, kuma da ita gidan ke ci. Direbanta Ishaya ne, ɗan yayarta, magidanci mai iyali, a gidanta yake zaune. Na sha zagawa da shi. Ƙafarsa tsaf take, yana taka kuloci har ƙasa, ya sa giya, ya ɗauke ƙafar gaba ɗaya. Irin direban da bakanike ba ya samun abinci a wajensa ne.

Bayan Kirsimeti suka kawo ta, kafin kuɗi ya ɓace. Maman Rifkatu ta sauko tana gyara ɗaurin zane ta ce, "Haruna ɗana, motarka ba ta da lafiya."

Na ce, "Mama, in tana lafiya taki ce, in ta kwanta tawa ce?"

Ta ce, "To da wa zan kai wa? Fasto?"

Tukunyar ƙasa ce ke yoyo. Na kwance ta na canja robar ciki, amma da na zura yatsa sai na ji cikin ya yi zane-zane, ba santsi. Na ce mata sabuwar roba ba za ta daɗe a irin wannan ba, gara a canja tukunyar ɗungurungum. Ta ce kakar tumatir ta kama, in bari ta wuce. Wannan magana na saba jin ta. Mai gero yana cewa bari kaka ta wuce, mai rago yana cewa bari Sallah ta wuce. Na ce wa Ishaya ya riƙa yawo da gwangwanin man birki, kullum da safe ya buɗe tukunyar sama ya duba, in ya ragu ya ƙara.

Daga nan kuɗi ya ɓace. Gareji ya yi tsit. Mai mota ba shi da takardar kuɗin da zai ba ni, ni ba ni da wadda zan ba mai sayar da kaya, a tura ta waya kuma saƙon ya maƙale a hanya. Motoci suka riƙa yawo da ciwonsu.

Wata safiya ina zaune na jiyo ƙarar giya tun daga kwanar masu faci, kafin in ga motar. Ishaya ne shi kaɗai. Ya ce da sanyin safiya lafiya take, amma da an yi tafiya ta ɗau zafi sai kulocin ya yi laushi, giya ta ƙi shiga sai da ƙarfi. Na kashe inji na gwada, ta shiga. Na tayar, ta ƙi. Na ce a raina robar ce ta sake tafiya, mai ya tsiyaye. Da na buɗe tukunyar sama sai na gan ta cike har baki. Amma launin bai yi mini ba. Man birki garau yake, in ya tsufa ya yi duhu. Wannan kuwa fari-fari ne, da dauɗa-dauɗa. Na tsoma yatsa na murza. Da santsi, sai dai santsin ba na mai ba ne. Na kwanta na kwance ɗan notin da ake fitar da iska a tukunyar ƙasa, na ce ya taka. Abin da ya feso mini a hannu kumfa ce da jan ruwan tsatsa.

Na fito na ce, "Ishaya, wanki kake yi a cikin motar nan?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Oga Haruna, bari in gaya maka gaskiya."

Gwangwanin ya ƙare masa ne a can ƙauye, kuloci ya faɗi ƙasa, ga lodi. Mai shagon da ke sayar da man ya ce in ba takardar kuɗi ba, kada ma ya tsaya masa a gaba. Sai tsofaffin direbobi a tasha suka ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, ya dama garin sabulun wanki a ruwa ya zuba, su da haka suka yi shekaru suna shiga daji.

Ya ce, "Kuma ta yi, Oga. Allah kuwa ta yi. Har Kawo ban ji komai ba."

Na ce, "Na san ta yi. Da ka iso Kawo fa, me ya hana ka zuwa nan?"

Ya ce, "Na ga tana tafiya."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata."

Dabarar direbobin ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa take da haɗari. Ruwa yana turawa kamar yadda mai ke turawa, sabulu kuma yana ba roba ɗan santsi. Zai fitar da kai daga daji. Amma abin yini ɗaya ne, ka iso gari a wanke a zuba mai. In ya kwana biyu sai ruwan ya fara cin ƙarfe, tsatsar ta yayyaga roba. Da mota ta yi zafi sai ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ka taka ta lotse ba ta tura komai ba. Faranti bai gama saki ba, direba ya danna giya da ƙarfi. Kowace dannawa tana gutsurar wani abu a cikin akwatin. Na kwance notin man giya na tara a kwano. Man na ƙyalli da garin tagulla, wato zobban da ke daidaita giya sun niƙe. A gindin kwanon kuma ga 'yan gutsattsarin haƙori kamar tsakin masara.

Ishaya ya leƙa kwanon ya ce, "Oga, don Allah kada Mama ta ji maganar sabulun nan."

Na ce, "Ba zan kira ta in kai ƙararka ba. Amma in ta tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Ba a kai ga tambaya ba. Maman Rifkatu ta ga shiru, ta hau keke mai ƙafa uku ta biyo shi. Tana isowa ta ga kumfa a ƙasa, ta sunkuya ta dangwala ta shinshina. Ta miƙe ta dubi Ishaya.

"Ashe nan sabuluna yake ƙarewa! Ina ta zagin yaran gida, ina cewa ci suke yi. Ishaya, da girmanka? Motar ce ta ce maka tana son wanka ta ciki?"

Masu faci suka fashe da dariya. Ita ma ta ɗan yi, amma da na nuna mata kwanon sai dariyar ta tsaya. Na ce tukwane biyun duk sun tafi, sai an canja. Giyabos kuma sai an sauke an buɗe, a canja zobba da giyar da ta gutsure tun ɓarnar ba ta yaɗu ba. In an samu kaya, aikin kwana biyu ne ko uku.

Ta ce, "Haruna, tun asuba aka tsinke tumatir, yana cikin kwanduna a bakin gona. Na riga na biya manoma. Kwana uku? Miya zan tarar."

Na ce ta ɗauki hayar wata mota. Ta ce tun jiya take nema, kowane direba takarda yake so a hannu domin gidan mai ma takarda suke karɓa, tata motar ce kaɗai ke da mai a tanki. Na kira mai kayan gwanjo da nake saye a wajensa a Panteka. Ya ce tukwanen suna nan, amma saƙon waya ya ƙone shi sau da yawa, sai ya ga takarda. Muka lallashe shi ya yarda a tura. Ta tura, saƙon bai tafi ba. Ta sake, bai tafi ba. Rana tana ɗagawa.

Ta ce, "Kai dai lallaɓa mini ita. Sawu ɗaya. In na dawo ka riƙe ta ko sati ne."

Na ce, "Mama, zuwa za ta je, tunda ba kaya. Dawowar ce ban sani ba."

Ta ce, "Kai ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Tumatir kuwa na san abin da zai zama."

Mota tata ce, tumatir nata ne. Na wanke tukwanen da bututun, na goge tsatsar iya yadda za ta gogu, na sa sabuwar roba, na zuba man birki, na fitar da iska. Na canja man giya. Ragowar gwangwanin na ba Ishaya. Na faɗa masa abu uku a gabanta: kada a cika lodi, kada a danna giya da ƙarfi, in kuloci ya faɗi ƙasa ya gangara gefe ya kira ni ko ina ne.

Ta ce, "Rabin lodi? Sauran in bar wa awaki?"

Ta shiga gaba, suka tafi.

Washegari da hantsi waya ta shigo. Ishaya ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce suna gab da Maraban Jos, in zo. Na ɗaure kayan aiki a bayan babur na kama hanya. A lokacin ana aikin titin, an mayar da motoci hannu ɗaya, ga cunkoso, a matsa kaɗan a tsaya. Babu abin da ke gajiyar da kuloci kamar wannan. Tun daga nesa na hango motar a gefe, an tula kwanduna har sun wuce kan direba, ga layin baƙin mai a kwalta ya bi ta har inda ta tsaya.

Abin da ya faru shi ne, a tsakiyar cunkoson kulocin ya faɗi ƙasa bai dawo ba. Ishaya ya ƙara mai, ya bi ta ƙasa ya zube. Na baya suka dame su da oda. Ya ce, "Mama, Oga ya ce mu tsaya." Ta ce, "A nan? Cikin wannan rana? Ga Kaduna can ana hangowa." Sai ya yi abin da kowane tsohon direba ya iya. Ya kashe inji, ya sa giya lamba ɗaya, ya murza makulli motar ta zabura, ya riƙa canja giya da kunne ba kuloci. Lafiyayyen giyabos a mota marar kaya yana iya jure haka. Wannan kuwa haƙoransa sun riga sun gutsure, ga lodi, ga ɗan hawa a gaba. Wajen shiga lamba uku haƙori ya karye ya faɗa tsakanin sauran. Akwatin ya tsage.

Maman Rifkatu na zaune a kan dutse ta yafa zane a ka. Ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwandunan ƙasa. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Haruna, kada ka ce mini ka faɗa."

Na ce, "Ban ce ba, Mama."

Na kwanta na duba duk da na san abin da zan gani. Tsagar ta kai yatsa ya shiga. Babu abin da sufana za ta yi a bakin titi. Ishaya ya yi ta tsayar da motoci, babu mai wurin kaya, wanda ke da wuri kuma takarda yake so. Ta yi ƙoƙarin sayarwa a nan, ta karya farashi har ƙasa, mutane su tsaya su taɓa aljihu su wuce. Matan ƙauyen da ke kusa suka zo da robobi, ta ce su ɗiba daga na ƙasa tun bai gama narkewa ba. Sai bayan la'asar na samu wani mai tifa da nake yi wa gyara, ya yarda ya ja mu zuwa gari a kan in biya shi da aiki. Kafin mu shiga Kawo kasuwar tumatir ta watse.

Da na buɗe akwatin washegari babu abin ɗauka a ciki. Ta ce in nemo na gwanjo, za ta haɗa kuɗi. Kafin ta haɗa kaya suka tashi, daga baya man fetur ma ya tashi, jarin kuma ya riga ya tafi a bakin titi. Motar ta yi damina guda a ƙarƙashin darbejiyata, tayoyi suka sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Ƙarshe masu yanka motoci suka zo daga Panteka suka saye ta. Yanzu Maman Rifkatu tana sayen kwando ɗaya a hannun wasu ta kasa a tire. Ishaya yana tuƙa keken wani. Ba ta kore shi daga gida ba, kuma ban taɓa jin ta ɗora masa laifin shi kaɗai ba.

Abin da aka rasa ga shi. Tumatir kwando talatin da biyu, biyar aka tsira da su. Tukwanen kuloci biyu, ta sama da ta ƙasa. Giyabos ɗaya. Jarin mace ɗaya. Aikin direba ɗaya. Mota ɗaya. Injin ne kaɗai bai samu komai ba. Ranar da suka zo yanka ta, sun ɗaura batir don su gwada shi, bugu ɗaya ya tashi.